Ƙyastun Kurmin Hore Mayo

Ɗalhatu ya sauka Doha a watan Disamba na 2018, lokacin da mu tsofaffin zama muke yawo da rigunan sanyi muna hura hannu. Ni kamfani ya tura filin jirgi in ɗauko sababbin masu gadi, kuma ni aka haɗa ɗaki da shi a Sanaiya, unguwar gareji da ɗakunan lebura. Sunana Nasidi, direban bas ne ni, Bakano ɗan Fagge, kuma bakina ba ya iya zama shiru. Washegari da asuba na gan shi da singileti yana alwala da ruwan famfo kamar ba komai. Na ce, "Malam, fatar jikinka ta kada ce?" Ya dube ni a tsanake ya ce wannan ba sanyi ba ne, a garinsu raɓa kan daskare a kan ciyawa, in ka taka ka ji tana ƙaras-ƙaras. Na ce a Nijeriyar? Ya ce a Nijeriyar. Tun daga ranar na sa masa Sarkin Dutse, shi kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Bakano.

Dogo ne siriri, shekarunsa arba'in da ɗoriya, ga tafiyar mutanen tudu, yana ɗaga ƙafa sama kamar akwai abin tsallakewa. A ƙasar nan kuwa babu abin hawa sai gadar sama da matakalar bene. Ba shi da hayaniya, ba ya shiga sabgar kowa. Amma in ya kafe a kan magana, gara ka je ka tura bango.

Labarin garinsu ban same shi sosai ba sai da korona ta zo. A watan Maris na 2020 aka rufe mana Sanaiya, ba shiga ba fita, bas ɗina ya yi wata da watanni a ajiye. Shi yana ƙofar gidan ma'aikata da takunkumi da na'urar auna zafin jiki, ni kuma ina zaune gefensa a kan bokiti don ba ni da wurin zuwa. A nan ya zana mini tsaunukansu da yatsa a kan ƙurar tebur. Daga Serti a jihar Taraba, inda mota ta gaza, sai ka yi kwana biyu kana hawa da ƙafa wajen iyakar Kamaru. Tsauni a bayan tsauni, har ka wayi gari ka ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarka. Can sama babu itace, ciyawa ce zalla iya ganinka. Itatuwan suna cikin kwaruruka, a dunƙule, duhu ƙirin, gansakuka na reto a rassansu, baƙaƙen birai masu farar jela suna tsalle a kai. Kowane kurmi akwai idon ruwa a cikinsa. Ƙoramun su gangara su haɗu su faɗa kogin Taraba, shi kuma ya kai Binuwai. Ya ce, "Ruwan da ake sha a Makurɗi, Bakano, daga bayan gidanmu ya taso." Na ce to a riƙa biyanku haraji mana.

Tun kafin a haife shi gwamnati ta mai da tsaunukan gandun daji. Ba sara, ba farauta, ba faɗaɗa gona ta wuce duwatsun iyaka. Ƙauyuka kaɗan aka bari a ciki, da sharaɗin za su kiyaye. Kakansa maharbi ne da ya hau can tun zamanin Turawa ya zauna cikin Fulani, kuma da dokar ta zo ya rataye bindigarsa bai sake taɓa ta ba. Ma'aikatan gandun ba su da yawa, ofishinsu kuma yana can ƙasa, saboda haka kowane ƙauye shi ke lura da abin da ke kusa da shi. Gidan su Ɗalhatu rabonsu shi ne kurmin da Fulani ke kira Hore Mayo, wato kan kogi. Daga idon ruwansa ƙauyen gaba ɗaya ke sha.

Aikin nasu na wuta ne, kuma sai da ya maimaita mini sau uku na gane. Ciyawar gangaren tana kai kafaɗar mutum da damina. In ta bushe a Disamba, gobara ba ta fashin zuwa, ko daga makiyayi mai son sabon tsiro, ko daga mai cin zuma, ko daga wanda ya yar da guntun taba. Itatuwan kurmi ba su san wuta ba, ɓawonsu ba kauri. In suka ƙone ciyawa ce ke maye gurbinsu, idon ruwa kuma ya ja baya. Don haka ake riga gobarar: a ƙona ciyawar da ke kewaye da kurmi tun tana da sauran ɗanyantaka, wutar ta yi tafiyar tsoho, raɓar yamma ta kashe ta. In babbar gobara ta iso, sai ta tarar da baƙar ƙasa ta rasa abin ci. Kwanakin yin haka ba su wuce goma sha biyu ba a watan Nuwamba. Ana gane su da hannu. Ka kama damin ciyawa ka murɗa, in kan ya karye gindin kuma ya jiƙa maka tafi, lokaci ya yi.

Wutar farko kuwa babban ɗa namiji na gidan ne ke tayar da ita, da ƙyastun kakansu. Ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ne da dutsensa da audugar rimi, a cikin jakar fata da ta yi baƙi don tsufa. Daga wannan wutar sauran maza ke kunna tasu, mata na biye da ɗanyun rassa suna kashe wadda ta kauce. Na san kamannin ƙyastun sarai, domin a lokarsa yake, wato akwatin ƙarfen ajiyarsa, a ɗakinmu, a Sanaiya.

Ranar da ya nuna mini na riƙe baki. Na ce, "Ka ɗauko wutar garinku ka kawo ta inda ba ciyawa?" Ya ce ai a hannun babba take zama, kuma hutunsa na shekara a Nuwamba zai riƙa ɗauka. Haka ya yi a 2019, ya bar wa wani hutun Sallah ya karɓi na Nuwamba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana yi wa ma'aikatan gandu da baƙi masu bincike jagora a tsaunukan, aikin bai ciyar da gida ba, shi ya sa ya fito. Amma a ransa bai taɓa barin Hore Mayo ba, aro kawai ya ba Doha na jikinsa.

A Nuwamban korona mudir ɗinmu, wato manajan ma'aikata, ya gaya masa a fili cewa yana iya tafiya, amma ba wanda zai nema masa takardar dawowa. Ɗalhatu ya yi kwana uku ba ya cin abincin kirki. Daga ƙarshe ya kira ƙaninsa Auta, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda sai ya hau wani tudu kafin wayarsa ta kama. Ya ce masa ya kunna da ashana, Allah ya kiyaye. Auta ya kunna. Da la'asar iska ta juya, wutar ta lashi gefen gabas na kurmin, itace goma sha ɗaya suka babbake. Kurmi mai dubban itatuwa ne fa. Ni da na ji na ce a gode wa Allah. Ɗalhatu kuwa ya ce ashana ce da gaggawar Auta.

Shekara ta zagayo, hanya ta buɗe, ya je da kansa a 2021 ya yi aikin tsaf. Da ya dawo yana ba ni labari yana jin daɗi, ni kuwa raina na ɓaci. A gaban mazan ƙauyen ya kama hannun Auta ya kai shi gaban kututturan nan goma sha ɗaya, ya ce ya ƙirga su da ƙarfi. Mutum mai furfura a gemu, a gaban surukansa. Auta ya ƙirga. Sannan ya rantse da Allah ba zai ƙara kunna wuta a Hore Mayo ba sai in ƙyastun na hannunsa, ko kuma Yaya ne da bakinsa ya roƙe shi.

Na ce, "Sarkin Dutse, ka yi kuskure."

Ya ce, "Na koya masa hankali."

"Ka koya masa fushi dai. In baɗi ba ka samu zuwa ba fa?"

Ya ce korona ta wuce, me zai hana shi.

Abin da zai hana shi kuwa yana manne a kowane bango na garin, da tutoci da agogon ƙirga kwanaki a bakin teku. Tun watan Agusta na 2022 takarda ta fito cewa babu hutu ga mai gadi ko direba daga Oktoba har a gama Kofin Duniya, ranar sha takwas ga Disamba. Ɗalhatu ya je wajen mudir sau huɗu. Mutumin nan bai taɓa ce masa a'a ba, sai dai ya dafa kafaɗarsa ya ce insha Allahu za a duba. Duk wanda ya shekara biyu a nan ya san ma'anar wannan. Ɗalhatu ya shekara huɗu, amma ya zaɓi ya yarda.

Sai ga hanya ta samu a sauƙaƙe. Sunusi, wani mai gadi ɗan Jalingo da kwantiraginsa ya ƙare, zai tafi gida ranar uku ga Nuwamba. Da kansa ya zo ɗakinmu ya ce a ba shi jakar, zai kai har Serti ya danƙa wa Auta hannu da hannu. Ɗalhatu ya yi masa godiya ya ba shi shayi, ya ce babu buƙata. Da Sunusi ya fita na rufe ƙofa na sauke masa kwandon magana. Ya bari na gama, sannan ya ce ƙyastu ba ya barin hannun babba sai babba ya mutu, shi kuma bai mutu ba. Na ce ai wanda ke Sanaiya yana gadin ƙofar wani, a wajen tsaunin da shi da matacce duk ɗaya ne. Kwana biyu bai yi mini magana ba.

Ni na kai Sunusi filin jirgi. Makullin lokar Ɗalhatu yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, shi kuma yana wajen aiki. Na tsaya na dubi makullin nan, har na miƙa hannu. Sai na ce ina ruwana da rigimar gidan wasu, kuma ni ba ɓarawo ba ne. Na ja ƙofa na fita. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Wurin da aka tura shi aiki shi ne abin da ya fi ci mini rai. Wani filin atisaye ne na 'yan ƙwallo, kuma aikinsa ya hana kowa taka ciyawa. Ciyawar nan tana da masu shayar da ita safe da yamma, da masu aske ta, da wani Bature da ke durƙusawa yana auna tsawonta da ɗan ƙarfe. Awa goma sha biyu Ɗalhatu ke tsaye da rigar kamfani yana cewa, "Yalla, yalla, baya," in wani ya matso da waya zai ɗauki hoto. Kullum in na zo ɗaukarsu sai in gan shi ya sunkuya a gefen fili ya shafa ciyawar, ya dubi tafinsa a jiƙe. Ni a ganina wannan ma ya taimaka wajen ruɗinsa. Mutumin da hannunsa ke taɓa ɗanyar ciyawa kowace rana, da wuya ya yarda cewa wata tana bushewa a wani wuri.

Matarsa Atine ita ce ba ta gaji ba. Saƙon murya take turowa in an hau tudu da wayar, kuma yana saurare a cikin bas, ina jin komai. Ranar goma ga Nuwamba ta ce, "Malam, na murɗa ciyawa yau a gefen gabas. Kan ya karye, gindi da ruwa. Lokaci ya yi." Ya ce mini mace me ta sani a ciyawa. Na ce matar da ta yi shekara goma sha bakwai tana bin bayanka da ɗanyen reshe? Bayan mako ta sake turowa. "Malam, Auta ya ce in ka kira shi ka ce ya kunna, zai kunna. Kalma ɗaya ce. Don girman Allah ka kira shi." Ya mayar mata cewa damina ta yi nisa bana, ciyawar za ta jira shi, ranar ashirin ga Disamba yana hanya. Daga Doha yake gaya wa matar da ke tsaye a cikin ciyawar yadda ciyawar take.

Aka fara wasa. Gari ya cika da baƙi, ganguna da tutoci ko'ina, mu kuma muna jigila kamar jakunan kasuwa. Ranar Juma'a tara ga Disamba, bayan mun fito masallaci, bidiyo ya shigo wayarsa. Babu magana a ciki. Hannun Atine ne kawai ya kama damin ciyawa ya murɗa, ta ruguje ta zube kamar dusa, tafin ya fito a bushe. Ɗalhatu ya kalla sau biyu, ya zauna a bakin titi. Ya yi ta kiran Auta har wayar ta shiga, ya buɗe muryar a fili ina ji.

Ya ce, "Auta, ka kunna. Ni na ce. Ina roƙonka."

Muna jin iska tana kaɗawa a can.

Auta ya ce, "Yaya, yau wata guda ke nan ina hawa tudun nan kullum ina jiran wannan maganar. Yanzu in na kunna, ni ne zan ƙone kurmin da hannuna. Sai dai addu'a."

Sun gwada sheme ciyawar da adda, maza da mata, amma kewayen kurmin tafiyar rabin yini ce, kuma mutanen ƙauyen ba su kai arba'in ba. Ranar Laraba, ranar da Maroko ta buga da Faransa, gobara ta taso daga kwarin yamma. Ba wanda ya san wanda ya tayar da ita, kuma ba a taɓa sani ba ko a shekarun baya. Saƙon ya same mu ranar Alhamis da azahar, muna cin shinkafa a inuwar bas. Atine ba ta yi kuka ba, ta yi bayani dalla-dalla. Wutar ta hau gangaren cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, ta shiga kurmin ta sama, ta rassa. Birai sun fito fili suna gudu a cikin hayaƙi. Auta ya tsaya a bakin idon ruwa da reshe yana duka har hannayensa biyu suka saluɓe, sai janye shi aka yi. Ɗalhatu ya rufe kwanon abincinsa. Lokacin komawa aiki ya yi, ya tashi ya je ya tsaya a gefen fili, ana ta fesa wa ciyawa ruwa a bayansa.

Kwana uku kurmin yana ci. Ranar ashirin ga wata mudir ya sa hannu a takardar hutunsa, har da murmushi, ya ce ka gani, ai na ce za a duba. Ni na raka shi, kuma ban san yadda na fita daga ofishin ban zagi mutumin nan ba.

Ɗalhatu ya yi kwana arba'in a gida ya dawo. Ya rame, ya yi baƙi, tafiyar nan ta ɗaga ƙafa ma ta ragu. Ban tambaye shi komai ba, na dafa shayi. Yana fitar da kaya daga jaka, ga zuma, ga busasshen nama, sai jakar fatar nan ta faɗo daga cikin wata riga. Ya tsaya yana kallonta, da gani bai san tana ciki ba. Sannan ya ba ni labari. Kusan kashi biyu cikin uku na kurmin ya tafi, saura tsayayyun gawayi. Ana gobe zai taho ya tara mazan ƙauyen a wurin da ya taɓa sa Auta ƙirga, ya nemi gafararsa, ya miƙa masa ƙyastun da hannu biyu. Auta ya ce ya yafe duniya da lahira. Amma bai miƙo hannu ba, hannayen ma suna naɗe da tsumma. Ya ce, "Yaya, me zan kare da shi?" Ɗalhatu ya ajiye masa a kan tabarma ya tafi, ashe an bi an cusa masa a kaya.

Na so in ce masa itace na sake tsirowa, amma shi ya koya mini cewa irin waɗannan sai jikan jika ya ga inuwarsu, in ma ciyawa ta bar su. Na so in zagi kamfani, na zaga, bai taya ni ba. Ya ce kamfani bai hana shi kiran waya ba. Ni ma ban gaya masa zancen makulli ba sai daga baya, ya ce da na ɗauka da ba zai yafe mini ba. Na ce da hakan ya fi mini.

A watan Maris Atine ta turo saƙo cewa idon ruwan ya koma ɗigo, tulu ɗaya sai a yi rabin yini ana tara. Mata sun fara gangarawa babbar ƙorama, awa ɗaya da rabi zuwa, dawowa kuma hawa ne da ruwa a ka. Tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin haka ba. Gida biyu sun fara maganar sauka Serti. Ta faɗi wannan duka ba tare da ta ɗora masa laifi ba, ta ƙare da cewa yara suna gaishe shi.

A makon nan aka kawo takardar zaɓen hutun shekara, kowa ya rubuta watan da yake so. Ni nake cike masa tasa tun zuwansa, don ya ce rubutuna ya fi kyau. Na rubuta sunansa da lambarsa, na kai alƙalami gurbin wata, har na fara harafin farko na Nuwamba don sabo. Ya riƙe mini hannu.

Na ce, "To wanne zan sa, Malam Ɗalhatu?"

Yana zaune a bakin gado yana ɗaura igiyar takalmin aiki, bai ɗago ba. Ya ce, "Sa kowanne."